Rigar Sanyi Mai Hinji

A duk layin babu wanda ya taɓa jin kafintan nan ya ce bai iya wani abu ba, shi ya sa sunansa na gaskiya ya ɓace, yaro da babba sai Na-iya. In famfo ya lalace, ya iya. In ana hirar tuƙin jirgin sama, wannan ma ya iya, jirgin ne dai ba a ba shi ba. A aikin katako kuwa, a faɗi gaskiya, ba shi da laifi, ƙofarsa tana rufuwa, teburinsa ba ya rawa. Ciwon dai shi ne ya ɗauka komai na duniya katako ne, duk abin da ka gani a karkace bai zo hannunsa ba ne.

Matarsa malamar firamare ce. 'Ya'ya biyar, ga mahaifiyarsa a ɗakin baya da ciwon gwiwa, ga wanki, ga girki, ga littattafan ɗalibai arba'in da ake dubawa kullum. Abu ɗaya tak Malama take yi don jin daɗin ranta, shi ne saƙa. Tana da wata 'yar jakar yadi mai tsinkaye biyu da dunƙulen zaren ulu. Sahu biyu kafin shinkafa ta tsotse, sahu ɗaya a cikin bas, sahu uku in an kai auta asibiti ana jiran likita. Da haka, da satar minti biyar nan goma can, ta yi wata takwas tana saƙa wa babbar 'yarsu rigar sanyi shuɗiya.

Yarinyar, wadda ƙannenta ke kira Yaya har kowa ya ɗauka, ta samu jami'a a wani gari mai nisa da aka ce sanyinsa har cikin ƙashi. Ranar Asabar za ta tafi. Gaban riga da bayanta sun kammala, saura hannuwa biyu. Sai ga shi an sa Malama gadin jarrabawa na kwana uku, daga Laraba zuwa Juma'a.

Da safiyar Laraba, ana shan shayi a tsaitsaye, Malama ta ce ita fa tana tsoron ba za ta gama rigar nan ba. Na-iya ya ajiye kofi ya yi dariya.

"Wata takwas a kan riga ɗaya, Malama? Ni a wata takwas na cika makaranta guda da kujeru."

"Lokacin da kake kujerun, wa ke goye da auta?" in ji ta, tana ɗaure wa wani igiyar takalmi. "In taimako kake so, Baban yara, ka ɗauko su daga makaranta kwana ukun nan, ka sa min ido a tukunya. Sauran ka bar min."

Wannan magana ta yi masa ciwo. A ce mutum mai basira irinsa, wanda ake zuwa neman shawararsa ko bai nema ba, a ɗora shi gadin tukunya. Da Malama ta fita, ya ga jakar saƙa a rataye a bayan ƙofa, don ba a shiga da ita ɗakin jarrabawa. Ya duba hagu ya duba dama, ya cusa ta a hammata, sai shago.

Shagonsa yana tsakanin na Tela da na wata dattijuwa mai sayar da zare da maɓallai, wadda ake kira Mai Zare. Kafin ya buɗe ƙofa ma ya sanar da su cewa nan da Asabar zai gama abin da ya gagari matarsa tun bara, kuma kada wanda ya gaya mata, yana so ya ga yadda za ta yi murna. Mai Zare ta nuna masa yadda ake ɗora madauki a tsinke da yadda ake zaro na gaba. Ya ce ai ya sani, yana so ne ya ga ko ita ma ta sani.

Awa guda yana fama, harshe a waje, abin da ya saƙa bai kai faɗin yatsa ba. Wani zai ce hannunsa ne bai saba ba. Shi kuwa nan take ya gano laifin tsinkaye ne. Shekaru aru-aru mata suna wahala da waɗannan 'yan sirara, don ba a taɓa samun namiji mai tunani ya duba kayan aikin ba. Ya ɗauko ƙotar shebur biyu, ya fiƙe bakinsu, ya goge da sanfefa har suna santsi, ya zauna ya ware ƙafafu kamar mai tuƙa kwalekwale.

Aiki kuwa ya yi gudu. Kafin la'asar hannun riga ya taso daga kan benci ya kai bakin ƙofa. Sai dai kowace huda a jikinsa za ta wuce ƙwallon ƙafa ba tare da ta taɓa gefe ba. Tela ya leƙo, ya ɗaga saƙar, ya zura kansa ta huda ɗaya ya yi masa sannu da aiki, sannan ya tambaya shin yarinyar karatu za ta je ko kamun kifi. Na-iya ya ce iska ce ke shiga ta nan ta ɗumama kafin ta taɓa jiki, amma wannan ilimi ne da ya fi ƙarfin mai keken ɗinki.

Da yamma ya tarar da gida a hargitse. An ɗage katifu, an zazzage kwandon wanki, an titsiye yara ɗaya bayan ɗaya. Daga ƙarshe Malama ta zauna a bakin gado ta ce ko dai da jakar ta fita ba ta sani ba, ta bar ta a bas. Ta faɗa a hankali. Wani abu ya ɗan tsunkuli Na-iya a ƙirji, amma ya lallashi kansa da cewa iya baƙin cikinta na yau, iya farin cikinta na Asabar. Har ya ƙara da yi mata nasiha a kan riƙon kaya.

Ranar Alhamis ya yi hannu na biyu, ya fi na farko tsawo da kamu ɗaya da rabi. Nan aka zo ga inda ake rufe saƙa don kada ta warware. Mai Zare ta ce ya miƙo ta nuna masa, abin minti biyu ne. Ya ce ta riƙe minti biyunta. A sana'arsu an san dokar tun kaka da kakanni: ka bar ƙari, ka auna, ka ja layi, ka datse. Ya shimfiɗa hannun a benci, ya kafe shi da ƙusoshi, ya ja tef, ya aro babban almakashin Tela.

"In ka yanke wannan zai gudu," in ji Tela.

"Da ƙusa goma sha biyu a jikinsa? Ya gudu in gani."

Ya yanke. Zaren ya gudu. Madauki ya saki madauki, sahu ya saki sahu, Na-iya ya danne nan da babban yatsa, can ya kuɓuce, ya danne can da gwiwar hannu, har ya kai ga dannewa da haɓa. Daga kwancen ya miƙa ƙafa ya jawo gwangwanin gam ɗin katako, ya dumbuza ya shafe bakin. Zare ya tsaya cak. Ya miƙe yana haki, ya ce to ga shi nan, abin da mata suka rasa a saƙa ke nan tun farko, gam.

Da a nan ya tsaya, da da sauƙi, zare kawai aka yi asara. Amma mai cika baki in ya yi sa'a sau ɗaya, ya fi hatsari. Ya ciro gaban rigar da bayanta, aikin Malama na wata takwas, lallausa, sahu-sahu a jere kamar an ƙirga da rula. Ya shimfiɗa su ya ɗora katakon awo a gefe, sai ya ɓata fuska. Wajen kafaɗa ya lotsa ciki, hagu da dama, wajen wuya kuma ya yi rami. Ya girgiza kai ya ce wannan shi ne sakamakon yin aiki a cikin bas.

Mai Zare ta taso daga kujerarta, abin da ba ta cika yi ba.

"Kada ka taɓa wannan. Gurbin hammata ne da na wuya, da gangan ta rage shi."

"In aka miƙe shi, hammata za ta saba."

Ta ce in ya sa wa wannan almakashi ita ba ruwanta, kuma za ta faɗa a gaban kowa cewa ta hana. Ya ce ya ji. Ya jira har wata mata ta zo neman maɓalli, Mai Zare ta juya baya, ya ja layi ya datse gefe huɗu. Saƙar Malama da ke da ƙananan madaukai ta fi tasa saurin gudu nesa ba kusa ba. Bai tsaya shafa baki ba, ya juye gwangwanin gaba ɗaya, ya baza da buroshi, ya danne da bulo.

A ranar, bayan an tashi daga jarrabawa, Malama tana can garejin bas tana bin direbobi ɗaya ɗaya, ko wani ya tsinci 'yar jakar yadi.

Da safiyar Juma'a ya ɗage bulo ya sami alluna biyu shuɗɗa. Ya ƙwanƙwasa ɗaya, ya ba da sauti mai kyau. Tela ya tambaya ta ina yarinyar za ta shiga. Na-iya ya ce ta inda ake shiga duk wani abu mai daraja, ta ƙofa. Ya sa hinji biyu a hagu, ya sa sakata a dama. Hannuwan ya naɗe su a jikin bututu da sabon gam har suka bushe, sannan ya tsaya tunanin ina za su fuskanta, tunda ba sa lanƙwasuwa. Ya tuna ɗaliba kullum hannunta a gaba yake, a kan tebur tana rubutu, sai ya ɗaure su da kusoshi masu murɗi suna kallon gaba. Ya goge, ya shafa man sheƙi irin na tebur, ya ja da baya yana kallo. Rigar tana tsaye da kanta a tsakiyar shago, hannu biyu a miƙe, kamar tana jiran a ba ta kaya.

A gida Malama tana shirya wa Yaya akwati, tana ba ta haƙuri. Yaya tana cewa ba komai Umma, ai za ta sayi wata a can. Malama ta ce ta sani ana sayarwa, ita dai ta so a ce in sanyi ya taso akwai hannunta a jikin 'yarta. Na-iya yana zaune yana ɗan waƙe-waƙensa ƙasa-ƙasa. Mahaifiyarsa ta dube shi ta saman tabarau, ta ce ita ta haife shi, ta san wannan waƙar, me ya ɓata? Ya ce Inna ta jira gobe.

Asabar da sanyin safiya aka ɗunguma zuwa tasha. Na-iya ya ce su yi gaba zai same su. Ya biya shago, ya ga wasu zarurruka sun ɗago ta cikin rigar, ya bi su da gam sabo fil, ya ɗora ta a baro ya lulluɓe da zanen gado. Tela ya rufe shago ya biyo shi, ya ce ko ɗinkin wa zai makara yau sai ya ga ƙarshen wannan. Mai Zare ma ta biyo, da rabin mutanen layi.

An gama ɗora akwatin Yaya, fasinjoji suna shiga, sai ga baro. Na-iya ya tsaya a tsakiyar tasha ya yi gyaran murya. Ya yi bayanin cewa aikin da aka yi wata takwas ana jan ƙafa a kansa, shi ya gama a kwana uku, kuma riga ce da ba ta yagewa, ba ta shan ruwa, ba ta buƙatar guga, jikokin Yaya ma za su gada. Ya yaye zanen, ya sauke ta ya tsayar a ƙasa.

Mutanen tasha suka matso suna kallo. Direban bas ne ya fara magana, ya tambaya cikin ladabi shin wannan sama za a ɗaure shi da kaya ko kujera za a ba shi. Wata tsohuwa ta ce ita dai kada a zaunar da shi kusa da ita.

Malama ba ta ji su ba. Launin ta gane. Ta tako a hankali ta sa yatsa a ƙirjin rigar, inda saƙarta take a daskare ƙarƙashin sheƙi. Ta ce wannan sahun ta yi shi ranar da aka kwantar da auta. Ta matsa sama kaɗan, ta ce wannan ranar da sakamakon Yaya ya fito. Ta dubi gefen da aka datse, ba ta ƙara cewa komai ba. Da ta yi ihu da ya fi wa Na-iya sauƙi, don ya san yadda ake amsa ihu.

Da shiru ya yi masa yawa, ya juya ga 'yarsa ya ce ta shiga ta gwada. Yaya ta ɗan ja da baya.

"Baba, in an rufe, ta ina ake numfashi?"

Ya ce bari ya nuna mata. Ya buɗe ƙofar rigar, ya zura hannuwa, ya shiga. To rigar an auna ta ne a jikin yarinya siririya, kuma an datse gefenta, shi kuwa Na-iya yana da tumbi na mai cin abincin gida. Ƙofa ta ƙi haɗuwa. Ya ce Tela ya tura. Tela ya tura da zuciya ɗaya, direba ya taya da kafaɗa, Na-iya ya haɗiye ciki, sakata ta shiga, ta kuma lanƙwashe a gurbinta.

Ya ce da muryar da ta ƙanƙance, kun ga ɗumi. Ya juya don mutanen baya su gani, hannun dama ya kwashe kwalin ƙwai daga kan wata mata. Ya juyo don ba ta haƙuri, hannun hagu ya cire wa direba hula. Ya ce kowa ya kwantar da hankali, yanzu zai nuna yadda ake tafiya da ita. Ya nufi ƙofar bas. Ba ya ganin ƙafarsa, ba ya iya kama ƙarfe, ya ɗaga ƙafa ya taka iska, ya tafi da baya gaba ɗayansa. Ƙarar da ya yi a ƙasa ta katako ce zalla. Ya kwanta a rigingine, hannu biyu da ƙafa biyu suna kallon sama, kamar teburin da aka kife.

Dariyar da aka daɗe ana riƙewa ta ɓalle. Tela ya zauna a ƙasa yana share hawaye. Mutum huɗu suka tayar da shi suka tsayar, aka ja sakata ta ƙi. Aka ce a kwance hinji, aka kwance, ƙofa ta ƙi buɗewa duk da haka, don gam ɗin safiya ya kama rigarsa ta ciki, ya ratsa ya kama gashin ƙirjinsa. Da aka ɗan ja, ya ce a dakata, akwai dabarar da zai tuno.

Direba ya danna oda. Malama ta cire tsohuwar rigar sanyin da ke jikinta, wadda gwiwar hannunta ta sha faci, ta sa wa 'yarta, ta ɓalla mata maɓallai har wuya kamar ƙaramar yarinya. Hannun rigar bai kai wuyan hannun Yaya ba. Yaya ta sa hanci a kafaɗar rigar ta shaƙa, sai ga hawaye.

Ta zo gaban ubanta don sallama. Ya so ya dafa kanta ya sa mata albarka, hannu ya ƙi saukowa, ya ƙi lanƙwasuwa. Ya yi ta kokawa da shi, fuskarsa ta jiƙe da gumi, a karon nan ba wanda ya yi dariya. Yaya ce ta sunkuya ta cusa kanta ƙarƙashin tafinsa. Ya ce Allah ya tsare, Allah ya ba da sa'a. Bas ta tashi, kowa yana ɗaga hannu, shi nasa a miƙe suke kawai.

A baro aka dawo da shi, Tela yana turawa, ana yi musu sannu daga kowane shago. Aka tsayar da shi a ƙofar shagonsa, Tela ya shiga ya fito da zarto yana neman inda zai fara. Malama ta ce ya ɗan dakata.

Ta shiga wurin Mai Zare ta fito da sabon ulu shuɗi, irin wanda ake sayarwa a dogon zagaye, wanda sai wani ya riƙe maka a hannu biyu kafin ka naɗe shi dunƙule. Guda shida ta ɗauko. Ta rataya na farko a hannuwan Na-iya, ya zauna daram kamar don shi aka auna tazarar. Ta jawo kujera, ta zauna a gabansa, ta kama bakin zare ta fara naɗi. Mutanen layi suka matso, wasu da kujerunsu.

Na-iya ya ce, a hankali don kada a ji, ko za a fara da zarton, tunda hancinsa yana ƙaiƙayi.

"Shekara ashirin da biyu ina neman wanda zai tsaya min wuri ɗaya, Baban yara," in ji Malama, idonta a kan zare. "Yau da na samu, ba zan yi gaggawa ba."

Ta gama na farko ta ajiye a cinya, ta rataya masa na biyu.